Neman shawara: gidan yuro ɗaya a Sambuca, in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wata masana'anta a Brescia, arewacin Italiya, takarduna sun cika, amma kuɗin haya na neman durƙusar da ni. Na ga ana ta yaɗa labarin wani ƙaramin gari a tsibirin Sisili, Sambuca di Sicilia, wai gida yuro ɗaya. Maiɗakina ta ce akwai lauje cikin naɗi, ni kuwa raina ya biya. Wanda ya san garin ya taimaka mini don Allah.

Wani mazaunin Palermo, babban birnin Sisili: Wa alaikumus salam. Ba damfara ba ce, amma uwargida ta fi ka hangen nesa. Hukumar garin ce ta fara a 2019 da gidaje 16, kuma gwanjo aka yi. A gwanjon na 2019, yuro ɗaya na buɗe ciniki ne kawai, akwai gidan da ya kai 25,000. Sai ka ajiye yuro 5,000 na jingina, ka gama gyara cikin shekara 3, in ka saɓa kuɗin jinginar sun tafi. Da yawan gidajen nan tun girgizar ƙasar kwarin Belice ta Janairun 1968 masu su suka watse. Wani rufinsa ya rufta, wani ciyawa ta tsiro har tsakar ɗaki. Ga kuɗin mai rubuta takardar ciniki, ga haraji, ga magina.

Wani ɗalibi: Malam, ko ba ka saya ba, garin ya isa a je kallo. Larabawa ne suka kafa shi wajen shekara ta 830, jim kaɗan bayan saukarsu a Mazara, a gaɓar Sisili, a 827, da sunan Zabut, kuma har 1923 Sambuca Zabut ake ce masa. Tsohuwar unguwarsu na nan a saman tudu, lunguna bakwai matsattsu, wani wurin ka miƙa hannuwa ka taɓa bango biyu. Sai da na tuna lungunan cikin birnin Kano. A ƙasan garin akwai tafkin Arancio, wanda dam ya samar, kuma in ruwa ya ja baya sai kufan wata tsohuwar ganuwa mai suna Mazzallakkar ya bayyana. Ba banza ba a 2016 ya ci gasar ƙauyen da ya fi kyau a Italiya.

Wata 'yar uwa: Yaya, duk wannan daɗin baki ne na masu yawon buɗe ido. Mutanen garin ba su fi dubu shida ba, tsofaffi sun yi yawa, samarinsu kuma arewa suke gudu neman aiki, can inda kake zaune yanzu. Ka tambayi kanka dalili. In ba ka da mota kun zama fursunoni, kuma ita maiɗakinka ce za ta wuni ita kaɗai. Naman halal da kayan miyarmu sai Palermo, kasuwar Ballarò, tafiyar kimanin awa guda. Kada ka manta farin 2024, lokacin da aka riƙa raba ruwan famfo da kwana-kwana a lardin Agrigento, inda Sambuca take.

Wani dattijo: Ƙanena, aikin yankin na gona ne: inabi a ƙarshen zafi, zaitun wajen Oktoba da Nuwamba, sai kiwon tumaki don cuku. Na lokaci ne, kuma inabin nan yawanci na giya ne, ka san matsayinka a kai. Mutanen dai suna da karamci, za a gaishe ka a hanya a ba ka kofi. Babban bikinsu na Mayu ne, na Madonna dell'Udienza, bikin Kirista na girmama Maryamu, gari ya cika maƙil. Ka je a Janairu, lokacin da babu baƙi, ka kama ɗakin haya ku zauna da iyalinka. Ka tambayi inda ake Juma'a mafi kusa, ka leƙa makarantar yara. In har ya kwanta muku, nemi gida mai rufi lafiyayye a hannun masu shi, sau da yawa ya fi na gwanjo sauƙi in an haɗa da gyara.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ba zan ajiye aikina ba tukuna. Ɗan'uwa na Palermo, in mun sauka za ka iya haɗa ni da magini mai amana ya duba mini gida ɗaya ko biyu?

Mazaunin Palermo: Insha Allahu. Ka turo mini saƙo kafin ku yanki tikiti.