Kan sakatar Mak 4: a bi lamba ko a bi geji?

Ɗan Kano a Kanada: Assalamu alaikum. Ina da bindiga Lee-Enfield No. 4 ƙirar masana'antar Long Branch ta nan Kanada, da lasisina. Kwanson harsashi yana fitowa da wani zobe mai sheƙi kusa da gindi, ɗaya ma ya tsage. Kan sakatar, wato ƙarfen da ake murɗawa a gaban sakatar da ke kulle harsashi, lamba 1 ne, an ce in sayi lamba 3 da ya fi shi tsayi in ɗaura don rage ratar da ke bayan harsashi. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Tsohon Kofur: Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye ta tukuna, kar ka sake harbawa. Mak 4 muke kiranta, kuma ita na yi ta gyarawa a bariki. Harsashinta, .303, da leɓen gindinsa yake zama, don haka ratar da ake aunawa ita ce tsakanin fuskar sakata da inda leɓen ke tokarewa. Gejin sojan Ingila, wato ƙarfen auna wannan ratar, biyu ne: na inci 0.064 dole sakata ta rufu a kansa, na 0.074 kada ta rufu. Da ɗan yatsa ake turawa, a hankali. Wanda ya danna da ƙarfi sai ta rufu, ya ce bindiga ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Mai Walda: Baba ya faɗi gaskiya. Lambobin nan daga 0 zuwa 3 ne, a ƙa'ida kowace ta ɗara ta baya da wajen inci 0.003. Amma ni da na auna nawa, sai ga lamba 2 ta fi wata lamba 1 gajarta. Masana'antu daban-daban suka ƙera su, Fazakerley da Maltby a Ingila, Savage a Amurka, ga cin shekaru. Kar ka biya kuɗi sai mai sayarwa ya auna maka tsayin.

Tsohon Kofur: Tsayi ma bai isa ba. In ka murɗa sabon kan har ƙarshe, kada ya zarce ƙashin sakatar, wato dogon tudun da ke jikinta, da fiye da digiri 20. Sannan a sake auna fitowar allurar da ke bugun harsashi, domin sauya kai yana taɓa ta. Ka duba kuma ko lambar da ke hannun sakata ta yi daidai da ta jikin bindiga. Wannan ya fi damuna, don sakatar aro ba ta zama daidai a maƙallanta.

Malamin Lissafi: Tawa ta haye geji lafiya, amma kwanso bai daina tsagewa ba. Ashe ɗakin harsashinta ne mai faɗi, haka aka yi su don laka da ƙurar fagen fama. Maƙallan sakatar kuma a baya suke, tana ɗan ba da baya lokacin harbi. Kwanson da aka sake cikawa sau da yawa shi ke fara tsagewa. Wajen sake cikawa na koma matse wuyan kwanso kaɗai, sai abin ya ragu sosai. Yaya, naka sabo ne ko na sake-cika?

Ɗan Kano a Kanada: Na sake-cika ne, Malam. Zan kai ta wurin mai gyaran bindiga da ke da geji kafin in sayi komai.

Tsohon Kofur: Madalla. Ka tambaye shi wane geji gare shi, don na 'yan kasuwar Amurka ya fi na soja matsi, sai ya kayar maka da bindiga mai kyau.