Yaya ake auna danshi da nauyin katakon rufi ba tare da an yanke shi ba?

Mai_Kwangila:
Assalamu alaikum. Akwai wani tsohon ɗakin taro da za a cire wa kwano a ɗora masa rufi mai nauyi. Raftocin tu-bai-sikis ne (inci biyu da inci shida), ba a san irin itacensu ba, kuma masu ginin ba su yarda a yanki ko ɗan guntu ba. Ta yaya za a gane danshin da ke cikinsu da kuma nauyinsu? Mitar danshin nan ta hannu ta wadatar?

Injiniyan_Gini:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da danshi, domin duk wani awo da za ka yi daga baya a kansa ya dogara.

Mitar iri biyu ce. Mai allura biyu tana auna yadda lantarki ke ratsa katako ne, kuma aikinta ya fi inganci daga kashi 7 zuwa wajen kashi 28 cikin ɗari. In danshi ya wuce nan, abin da za ta iya faɗa maka kawai shi ne katakon jiƙe yake. Nemi mai dogayen allurai da ake bugawa da guduma, waɗanda aka lulluɓe jikinsu aka bar baki kaɗai, don ta karanta ciki ba fata ba. Ka'idar Turai ta EN 13183-2 ta ce a nisanci bakin katako da milimita 300, a kafa allura zurfin kashi 3 cikin 10 na kaurinsa. A katako mai kaurin milimita 50, wajen milimita 15 ke nan. Ɗauki awo uku a kowace rafta, amma ka fi ba da ƙarfi a inda ta hau bango da ƙarƙashin inda kwano ke yoyo, don a nan ruɓa ke farawa.

Sai gyara. Yawancin mitoci an saita su ne a kan zafin digiri 20 da itatuwan Turai ko Amurka. Ƙarƙashin kwano da rana katako yana kai digiri 45, kuma duk ƙarin digiri 10 yana sa mita ta ƙara wajen kashi 1 a kan gaskiya. Yi awon da sassafe, ka kuma duba irin itacen, in ka gano shi, a teburin gyara da ke zuwa da mitar. Katakon da aka jiƙa da maganin gara mai gishiri yana nuna danshi fiye da wanda ke cikinsa, haka ma in allura ta kusanci ƙusa.

Marar allura kuwa ɗora ta ake yi a jiki, tana leƙa zurfin wajen milimita 20. Tana da sauri, amma sai ka gaya mata nauyin itacen kafin ta ba ka lamba ta gaskiya, wanda shi ne abin da ba ka sani ba. Yi amfani da ita wajen zagaye don gano wuraren da suka fi jiƙa, sannan mai allura ta tabbatar. Duk inda danshi ya zauna sama da kashi 20, akwai haɗarin ruɓa.

Tsohon_Kafinta:
Injiniya ya yi bayani, amma a lura da lokaci. A nan Arewa da hunturu katakon cikin rufi yana bushewa har ya faɗi ƙasa da kashi 7, mitar allura ta kasa karantawa, mutum ya ɗauka komai lafiya. Raftar da ke shan ruwa a watan Agusta ba za ta nuna komai a Janairu ba. In da hali a auna a ƙarshen damina. In babu, a bi tabon ruwa da tsatsar ƙusoshi. Kuma gara ba ruwanta da mita: takan cinye ciki ta bar fata sumul. A ƙwanƙwasa kowace rafta da guduma daga wannan baki zuwa wancan, a saurari inda ta yi ƙarar kogo.

Malamar_Gandun_Daji:
Gaskiyarka, Baba. Ni kuma bari in ɗauki batun nauyi. Ana lissafa shi da kilo a kowace kubik mita, a danshin kashi 12. Obeche wajen 380 ne, malaina 450 zuwa 500, loko wajen 650, maɗaci ya haura 700. Ka ga gane irin itacen ma rabin aiki ne, don haka a kankare fenti ko ƙura a duba launi da zanen jikinsa.

Na'urar Pilodyn tana harba ƙaramin tsinken ƙarfe mai kaurin milimita 2.5 da ƙarfi iri ɗaya kullum, yawanci jul 6 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne), sai a karanta zurfin da ya shiga, iyakarsa milimita 40. In ya shiga da yawa itacen sakayau ne. Aibinta shi ne fata kawai take gani, kuma jiƙaƙƙen katako yana barin tsinke ya zarce, shi ya sa dole a rubuta danshin kowane wurin da aka harba. A kauce wa gaɓa da tsaga.

Wadda ta fi amfani a aikinka ita ce Resistograph, da Frank Rinn ya ƙirƙiro a Jamus. Siririn tsinke ne mai bakin milimita 3 da ke huda katako daga wannan gefe zuwa wancan, yana zana ƙarfin da injin ya sha a hanya. Inda layin ya faɗi warwas, kogon gara ne ko ruɓa, kuma za ka san kaurin lafiyayyen itacen da ya rage, wanda da shi za a yi lissafin kaya. Bakin da ya dakushe yana ɗaga lamba, haka ma gogayyar tsinke a itace mai tauri in huda ta yi zurfi.

Kada a yaudare ka: duka biyun kimantawa suke yi, ba kilo suke ba ka kai tsaye ba. Sai an gwada na'urar a kan katako irin wannan da aka san nauyinsa. Ka roƙi masu ginin su bari a ciri ɗan ɓargo da bututun huda daga jelar rafta da ba ta ɗauke da kaya. A auna girmansa da nauyinsa, a busar a digiri 103 har nauyin ya daina raguwa. Abin da ya ragu, a raba da busasshen nauyin a ninka da 100, shi ne danshi na gaskiya, kuma da shi za ka gyara mitarka.

Injiniyan_Gini:
Ƙari kaɗan a kan maganar Malama. In an samu nauyi, a auna gudun sauti a tsawon rafta: na'urar ji biyu, tazara sananniya, a buga ɗaya da guduma. Lafiyayyen katako yana ba da mita 4,000 zuwa 5,500 a daƙiƙa. Ninka gudun da kansa, ka ninka da nauyi, ka raba da miliyan ɗaya, ka samu taurin katakon, wato yadda yake ƙin lanƙwasa. Misali nauyi 500 da gudu 4,800 suna ba da wajen 11,500 N/mm². Wannan lambar takan ɗan fi ta gwajin ɗora kaya, kuma gudun yana raguwa da kusan kashi 1 ga duk ƙarin kashi 1 na danshi, saboda haka a mayar da shi kan kashi 12 kafin lissafi. Kuma duk kyan lambobin nan, a duba mahaɗa da ƙusoshi da filet, wato katakon kan bango da raftoci ke zaune a kai, kafin a ɗora sabon rufin.

Mai_Kwangila:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan nemi izinin cire ɓargon, a yi awon danshi a watan Satumba.