Ina ake ganin likitan ƙwaƙwalwa a Katsina?

Maman Sadiƙ: Salamu alaikum 'yan zaure. Wani matashi ne, wata na biyu ke nan ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin shi. Ina ya kamata a nufa da shi?

Nas Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Hajiya. Asibitin Koyarwa na Tarayya, tsohon FMC. A yanki kati, a fara ganin likitan da ke duba waɗanda ba a kwantar ba, shi zai rubuta takardar turawa wurin likitan ƙwaƙwalwa. A tambayi ranar kilinik tun wurin yankar kati. A tafi da wanda suke kwana gida ɗaya, da kwalin duk maganin da aka ba shi, har na gargajiya.

Ɗan Daura: Mu nan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau muka fi sani, yana kan titin Katsina kafin a shiga Kano.

Baban Ilham: Asibitin ƙwaƙwalwa da ke Barnawa ta Kaduna fa?

Nas Ƙofar Ƙaura: Ta yi nisa ga wanda zai riƙa komawa duk wata. Kuɗin mota ke sa mutane su yanke.

Malam Kyamis: Bari in tsawaita, don wurin da ake yin asara ke nan. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne, ya yi shekara 6 a jami'a sannan ya ƙara wasu shekaru a wannan fanni. Zaman farko tambayoyi ne masu yawa: yaushe ya fara, barci, cin abinci, ko yana jin muryoyi, ko ya taɓa zancen kashe kansa, ko akwai mai irin ciwon a dangi. Zai tambayi wiwi, kodin da taramadol. Kada a ɓoye don kunya, a kan amsar ake zaɓen magani.

Maganin ba farastamol ba ne. Barci kan daidaita cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sai sati 2 zuwa 6. Irin su haloperidol kan sandarar da jiki, yawu ya riƙa dalala, wuya ya karkace, ido ya kafe sama. Nan iyali ke firgita su ce ciwo ya ƙaru, su zubar da magani. A'a, a koma wurin likita a ranar, zai rage ko ya canza ko ya haɗa da benzhexol. Olanzapine kuma yana buɗe ciki ya sa ƙiba, shi ya sa ake auna nauyi da suga.

Babbar matsala sai ya samu sauƙi. Ya koma kasuwa, a ce ai ya warke, a daina. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo. Wanda ya yi irin wannan karon farko akan riƙe shi a kan magani aƙalla shekara 1, kuma likita ne ke janyewa a hankali. In ba ya yarda da ƙwaya, akwai allurar da ake yi duk sati 2 zuwa 4, a tambaya.

Ustaz Rafindaɗi: Duk ba wanda ya ambaci ruƙiyya. Ba komai ne na asibiti ba.

Anti Nas: Allah gafarta Malam, ba wanda ya hana addu'a. A yi mashi karatu, ya sha maganinsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka da ɗaure ƙafa da mari. Mun ga mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga gidajen mari a Daura da nan Katsina a 2019.

Ustaz Rafindaɗi: Wannan ba ruƙiyya ba ce, zalunci ne. Kada a haɗa su.

Ɗan Daura: Kullum sai an jawo Daura.

Anti Nas: Ai na ce da nan Katsina. Kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, mara lafiya yana da haƙƙi.

Nas Ƙofar Ƙaura: Hajiya, in akwai zazzaɓi mai zafi, jijjiga, ko ya daina gane mutane, ko ya ɗauki makami, kada a jira ranar kilinik. Sashen gaggawa kai tsaye, ko da tsakar dare. Haka mai jego da ta rikice cikin sati 2 da haihuwa.

Baban Ilham: Mai farfaɗiya ma can ake kai shi?

Malam Kyamis: Su ma suna dubawa, amma asali aikin likitan jijiyoyi ne. Mace mai shan maganin farfaɗiya na valproate ta gaya wa likita kafin ta ɗauki ciki, yana illa ga jariri.

Maman Sadiƙ: Na gode, Allah ya saka. To in ya ƙi shiga mota fa?

Anti Nas: A nemo wanda yake jin maganarsa, kawu ko aboki. A ce za a duba rashin barcin, wanda gaskiya ne. Kada a taru a kansa, kada a yi gardama da abin da yake ji.

Baban Ilham: Inshorar lafiya tana ɗaukar maganin nan kuwa?