Tambaya: baƙin layi a injin fotokwafi na

Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka mini.

Ina da shagon fotokwafi a Jos, kusa da Taminus. Injina mai yin kwafi da sikanin da faks (aika takarda ta layin waya) ne. Kwana huɗu ke nan, duk takardar da na zura ta wurin da injin ke jan takarda a sama, sai kwafin ya fito da siririn baƙin layi daga kai har ƙasa. In na ɗora ta a kan gilashi kuwa, tas take fitowa.

Wani mai gyara ya ce "diram" ne, wani ya ce "fiyuza". Ni dai tona kawai na sani, garin tawadar nan. Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan duba kafin in kashe kuɗi? Ɗalibai na ta juyawa da takardunsu.