Gane shekarun tsofaffin ma'aunan kuza na Ingila

Masu tara tsofaffin ma'aunan Ingila, wato kofunan auna abin sha na gaurayen kuza da dalma, sun yi ittifaƙi cewa a fara duba bakin ma'auni, inda jami'an awo ke buga hatimi. Kambi da haruffan VR alamar zamanin Sarauniya Biktoriya ce, 1837 zuwa 1901, kuma idan akwai lambar gunduma tare da su, to daga 1879 aka tantance shi, ko da yake ƙirarsa tana iya girme wa hatimin. An yi kashedi da hatimin WR na Sarki Wiliyam na Uku, domin an ci gaba da buga shi fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa. Alamar maƙeri kuwa, a leƙa cikin gindi, kuma kada a kankare ta wajen gogewa.