Resident Evil 4: in sayi sabon ko in koma wa tsohon? PS4 gare ni

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka buga da hannunsu. Na tara ɗan kuɗi, kuma gem ɗaya kawai zai saya min. Resident Evil 4 shi ne wasan da ya fi zauna min a rai tun zamanin PS2. Yanzu ga tsohon na 2005 da aka ƙara wa hoto kyau aka sa a PS4, ga kuma wanda aka sake ginawa ya fito a 2023. PS4 Slim gare ni, ba ni da halin canza na'ura. Shin sabon yana tafiya lafiya a PS4? Kuma wannan tsoron na ƙauye, lokacin da mai zarto ya taso maka da buhu a ka, yana nan ko sun lalata shi?

Oga Sola:
Wa alaikumus salam. Ka sayi PS5 kawai mutumina, ka huta.

Na Zariya:
Ni dai Resident Evil 2 na 2019 zan ce ka ɗauka. Shi ne ya fi duka. Amma ka guji na 3 da ya fito a 2020, sun yanke hasumiyar agogo gaba ɗaya, kafin ka gyara zama wasan ya ƙare.

Baban Gem:
Ƙanena, bari in fara raba maka abu biyu da mutane ke haɗawa. Rimasta gidan nan ne dai aka yi masa fenti, rimek kuwa rushe shi aka yi aka sake gini a kan filin. Na 2016 da ke PS4 rimasta ne, komai yana yadda ka bar shi: in Leon, jarumin wasan, ya ɗaga bindiga ba ya motsi, sai ka tsaya cak ka saita. Na 2023 kana tafiya kana harbi, wuƙa tana tare zarto, amma tana cinyewa har ta karye sai ka kai wa ɗan kasuwar nan na cikin wasan ya gyara. Jera kaya a jaka yana nan, karen da kake cirewa daga tarko yana nan, ƙararrawar coci da ke janye mutanen ƙauye tana nan. Na buga shi a PS4 har ƙarshe. Yana tafiya, sai dai lodi yana jan lokaci, wani sa'in bango ya fito dishi-dishi kafin ya washe, fanka kuma ta yi ta ihu. Tsoro kam ya ƙaru, domin sun ƙara duhu. Abin da ya ragu shi ne barkwancin tsohon.

CJ na Unguwa:
Kada ka yarda. Wallahi kada ka yarda da duk wani abu da aka ce an sabunta. Ni aka yi wa, ba labari na ji ba. Wasan GTA San Andreas ne ya raine ni. Ina da takarda guda da na cika da lambobin sirri, na makamai, na lafiya, na korar 'yan sanda, tana ninke cikin kwalin faifan har ta yi laushi. Da aka ce GTA Trilogy ya fito a Nuwamban 2021, da III da Vice City da San Andreas a haɗe, sai na sayar da PS2 ɗina da hannun wasa biyu da memori kad, na cika kuɗi na je wani shago. Mai shagon ya rantse min ya buga, ya ce ba a taɓa yin irinsa ba.

Na dawo gida na kira abokai. Da aka fara ruwan sama a cikin wasan, allon ya cika da fararen layuka, ba ka ganin titi balle motar da ke gabanka. Fuskokin mutanen Grove Street, unguwar jarumin wasan, duk sun sauya, hannaye sun lanƙwashe, wasu ba ka ma gane su. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hazo. A tsohon, wannan jan hazon na Los Santos shi ke sa ka ji garin ba shi da iyaka. Sun share shi. Ka hau dogon bene sai ka hango sauran garuruwan wasan, San Fierro da Las Venturas, lokaci guda, duniyar da na ɗauka ƙatuwa ce ta koma 'yar mitsitsiya. Na kunna rediyon mota, wasu waƙoƙin da na saba ji babu su. Washegari na mayar, mai shago ya ce an ɓare leda, sai dai ya saya a rabin kuɗi. PS2 ɗin kuwa wanda ya saya ya riga ya bar gari da shi, da sabin ɗina na shekaru, wato duk inda na kai a wasanni, a cikin memori kad ɗin.

Hajiyar Pad:
Allah ya mayar maka da alheri, CJ. Gaskiya wannan fitowar ta yi muni, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, aka ma janye na kwamfuta daga kasuwa na ɗan lokaci. Amma a ƙarshen 2024 sun saki gyara da ya dawo da hasken da da hazon. Ka sake gwadawa.

CJ na Unguwa:
Bayan shekara uku, Hajiya? Da wane faifan zan gwada?

Ɗan Bariki:
CJ, ka faɗi gaskiya, har yau ba ka wuce aikin bin jirgin ƙasa da Big Smoke ba, shi ne kake ɗora wa hazo laifi 😂

Oga Sola:
A kan kuɗi, sabon Resident Evil 4 (RE4) na PS4 dubu 45 na gani a shago satin nan.

Na Zariya:
Dubu 45 kuma? An yi maka tsada. Na hannu dubu 22 abokina ya saya, faifan ko ƙwarzane babu.

Mai Shagon Gem:
Duk wanda ya ba ka a 22 ka duba da kyau. Mu kanmu ba mu samo shi a haka ba. Dala 60 aka sa masa ranar da ya fito, ku lissafa da canjin yau. Ni 38 nake bayarwa. Tsohon kuwa ba ya wuce 15.

Na Zariya:
To ai kai sayarwa kake, dole ka ce haka. Shawarar mai kaya ba shawara ba ce.

Mai Shagon Gem:
Malam, yara nawa ne ke zama a benci na kullum? Ni nake ganin wanda suke nema da wanda suke ajiye hannu su tashi. Wanda bai taɓa buga tsohon ba, in ka ba shi, minti kaɗan zai ce hannun ya lalace, don Leon ya ƙi tafiya. Wannan ba a YouTube na gani ba.

Baban Gem:
Ai mai tambayar ba yaro ba ne, ya san tsohon. Kuma ku daina mantawa da Separate Ways, ɓangaren da ake buga labarin da Ada maimakon Leon. A faifan PS2 kyauta yake ciki. A sabon daban aka sayar da shi, dala 10, wata shida bayan fitowar wasan, kuma can suka kai ɗakin nan mai wutar leza da dodon U-3 da suka cire daga labarin Leon. In za ka saya ka nemi Gold Edition, shi ya haɗa duka. Wannan ne kaɗai inda nake ganin ba a kyauta wa na asali ba.

Hajiyar Pad:
Ni kuma Ashley, yarinyar da Leon ya je ceto, ce ta sa na fi son sabon. A tsohon ba ta da aiki sai ihu da kiran Leon. Yanzu mutum ce mai hankali, tana magana kamar wadda ta san halin da take ciki. Na buga biyun, yaya Baban Gem, kuma ba zan koma ba.

CJ na Unguwa:
Duk wanda bai yi layi a gidan gem yana jiran a ci wani ya karɓi hannu ba, bai isa ya faɗa mana darajar tsohon wasa ba.

Hajiyar Pad:
Mu da ba a bari mu shiga gidan gem fa? A falo muka buga da yayyenmu, kuma mun gama shi a Professional, matakin da ya fi wuya.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na gode ƙwarai. Amma wanda ya ce 22, a wane gari ne? Kuma faifan yana buƙatar sauke wani abu kafin ya tashi? Data tana min wuya.

Oga Sola:
Data ai ita ce masifar. Da can ka sa faifai ka fara wasa. Yanzu ka sayi faifai da kuɗinka, ka sa, a ce sai ka sauke gyara. Na sayi data ta dare don wannan, saura kaɗan ya cika aka ɗauke wuta.

Ɗan Bariki:
Mai sola ne ke kukan wuta? To mu mu ce me?

Na Zariya:
Ku bar ta RE4, abin da ya kamata a sabunta shi ne gem ɗin ƙwallo PES 6. A bar komai yadda yake, a gyara hoto kawai. Adriano ya saki ƙafar hagu daga nesa, ka fara Master League, inda kake gina kulob ɗinka, da 'yan wasan farko su Castolo da Minanda kana tara maki kana sayen 'yan wasa. Tun da aka sauya wa PES suna zuwa eFootball a 2021, aka fito da shi babu Master League, ƙwallon ta fita daga raina.

Mai Shagon Gem:
PES 2013 dai. Har gobe akwai PS3 ɗaya a shagona da ba a kunna komai a kanta sai shi, kuma ita ce ba ta hutawa.

CJ na Unguwa:
Ku yi ta roƙo a taɓa muku PES 6. Ranar da aka sabunta shi za ku zo nan ku same ni.

Na Zariya:
2013 ai gudu ne kawai, ka ba Ronaldo ka danna R1. Wa ke da PS2 mai aiki a Zariya? A haɗa mu da mai shagon nan a PES 6, ni Inter zan ɗauka.