Ruwan da aka zuƙe a ƙirjin Baba

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum. Makon jiya aka zuƙe wa Baba ruwa a ƙirji, ya kusa cika gorar lita ɗaya, launinsa kamar shayin da bai ji ganye ba. Tun azumi yake tari, mu kuwa muna ta ɗirka masa zuma da citta. Da sakamako ya fito likita ya ce kansar huhu ce, wai an ga ƙwayoyinta suna yawo a cikin ruwan. Nan kaina ya ɗaure. Ganye in ya bar reshe ai bushewa yake yi. Su me ya hana su mutuwa? Na kasa tambaya, don Baba ya zuba min ido.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, Hajiya. Misalinki ya yi daidai. Lafiyayyar ƙwayar huhu manne take da shimfiɗar da ke ƙarƙashinta, da wasu 'yan ƙugiyoyi da ake kira intagirin. Muddin suna riƙe, saƙon "ci gaba da rayuwa" na shiga cikinta. Da ta ɓalle saƙon ya yanke, sai ta kashe kanta. Masu bincike biyu, Frisch da Francis, ne suka raɗa wa wannan mutuwa suna anoikis a 1994, daga Girkanci, wato rashin gida.

Ta kansa kuwa makunnin wannan saƙon ne ya maƙale a kunne, sau da yawa saboda tangarɗa a ƙwayoyin gadon da ake kira EGFR ko KRAS, don haka da ƙugiya ko babu saƙon na tafiya. Tana kuma tara sunadarai irin su Bcl-2 masu toshe hanyar mutuwar. Sannan sukan dunƙule su riƙe juna. A madubin gwaji curi-curi muke ganinsu, kamar 'ya'yan inabi.

Nas Talatu:
Ƙari kaɗan. Ƙwayoyin kansar da suka faɗa jini yawancinsu halaka suke yi, kaɗan ke tsira, wasu ta hanyar lulluɓa da ƙwayoyin daskarar da jini. Su ne kan sauka a ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa. 'Yar uwa, ki tambayi likita ko za a yi gwajin EGFR, don akwai magungunan haɗiya irin su osimertinib masu kashe wancan makunnin.

Ummu Sadik:
Na gode, Allah ya saka. Na rubuta EGFR ɗin a bayan katin asibiti. Alhamis za mu koma, wannan karon Yaya zai zauna da Baba a waje in shiga ni kaɗai.